Ƙwai Marar Suna, Marar Kwanan Wata: Kiwon Kajin Ƙwai da Lafiyar Mai Ci a Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

Maƙalar nan ta bi ƙwan gidan gona tun daga ɗakin kaji har zuwa teburin mai shayi a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na Jihar Katsina. Ta dubi illar zafi, da abincin kaji, da ƙwayar Salmonela, sannan ta tsaya sosai a kan ragowar magani a cikin ƙwai. Hujjarta ita ce, abin da ya fi cutarwa a ƙwai ido ba ya ganinsa, kuma a yadda kasuwarmu take a yau mai gonar da ya kiyaye ƙa'ida shi kaɗai ke ɗaukar asara, ba mai biyansa ko kwabo a kan kiyayewar. Muddin kiret ba ya ɗauke da sunan gona da ranar da aka kwashi ƙwan, wayar da kai ita kaɗai ba za ta canza komai ba.

Gabatarwa



Wanda ya sayi kiret ɗin ƙwai a Kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, ko a wani shago na bakin titi a Kurfi, abu biyu kawai yake iya tantancewa: girman ƙwan, da ko ɓawon ya tsage. Gonar da ƙwan ya fito, da ranar da kaza ta saka shi, da ko a ranar tana cikin shan magani, duk a rufe suke gare shi. Sau da yawa mai shagon ma bai sani ba, don a hannun dillali ya karɓa, shi kuma dillalin ya haɗa na gonaki uku ko huɗu ne a bayan mota ɗaya, ya ware manya daban, ƙanana daban. Daga nan asalin ƙwan ya ɓace.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da cuta duk shekara ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 daga ciki su rasu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi jin jiki, da mace-mace kusan 137,000. Ƙwai ɗan ƙaramin kaso ne a wannan lissafi. Na ɗauke shi ne saboda shi ne furotin ɗin dabba da talakan wannan yanki ya fi iya kaiwa gare shi, kuma gyaran harkarsa bai fi ƙarfinmu ba.

Yanayin wuri da kasuwa

Dutsin-Ma na nan kimanin kilomita 60 kudu da birnin Katsina, Kurfi kuma a kan hanya take tsakaninsu. Ƙasar noman gero da dawa da gyaɗa da wake ce, ga kuma noman rani a kewayen madatsar ruwa ta Zobe da aka kammala a 1983. A da, ƙwan da aka sani a kasuwannin nan na zabi ne, wanda ke fitowa da damina, matan Fulani su kawo shi cikin ƙwarya. Na kajin Hausa kuwa ba a cika ci ba, barinsa ake yi kaza ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe.

Makarantu ne suka sauya wannan. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ta daɗe a garin, sannan a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Dubban ɗalibai suka shigo da cimarsu ta Indomie da ƙwai, da shayi da burodi da wainar ƙwai, gidajen burodi da masu kek suka ƙaru. Ma'aikata da 'yan fansho da matan aure suka shiga kiwo, wani da kaji ɗari a bayan gida, wani da ɗari biyar a fili, galibi a ƙasa bisa ɓuntun shinkafa ko dusar katako. 'Yan tsakin daga nesa suke zuwa, mafi yawa daga wuraren ƙyanƙyasa na Ibadan da kewayenta, wasu daga Kaduna tun da kamfanin Olam ya buɗe nasa a 2017. Akwai kazar ShikaBrown da cibiyar NAPRI ta Shika, Zariya, ta samar don ta jure yanayinmu, amma irin su ISA Brown ne suka cika ɗakunan.

Kasuwar da ta dogara da ɗalibai tana da lalura. In aka tafi hutu, ko aka shiga yajin aiki irin na wata takwas da ASUU ta yi a 2022, masu saye sun watse, kaza kuwa ba ta san da hutu ba. Haka aka gani a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun Naira, ƙwai ya yi kwantai a gonaki a faɗin ƙasar nan. Ƙwan da ya yi kwantai ba zubar da shi ake yi ba. Jira yake a ɗaki, ranar da kasuwa ta buɗe a gauraya shi da sabo. Matsalar tsaro ta ƙara nata: ta turo kiwo cikin unguwanni, kusa da rijiya da madafi, ta kuma sa malaman dabbobi sun rage shiga ƙauyuka. A 2021 har layin waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Dutsin-Ma da Kurfi na ciki, wanda ke nufin mai kaji ko shawara ba ya iya nema ta waya.

Zafi, kafin saka da bayan saka

Kaza tana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai ɗaya, kuma kusan awa 20 daga ciki a kan ɓawo suke tafiya. Ɓawon nan kusan dukkansa sinadarin kalsiyam-kabonet ne, kowane ɗaya na cin kalsiyam kimanin giram 2. Zafin jikin kaza ya kai digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, ba ta kuma yin gumi. Yanayin da ta fi sakewa a ciki shi ne digiri 18 zuwa 24. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin inuwa a yankin nan yana kai 40, a ƙarƙashin kwano marar silin kuwa ya zarce haka.

Wanda ya taɓa leƙa irin wannan ɗaki da azahar a Afrilu ya san abin da ake gani. Kaji sun buɗe baki suna haki, fukafukai a sake, sun taru a bakin mazubin ruwan da shi ma ya ɗumame, abinci na nan ba mai kallonsa. Hakin nan shi ne hanyarsu ta fitar da zafi, amma yana fitar da iskar kabon-dayoksaid daga jini fiye da kima, ita kuwa da ita ake haɗa kabonet ɗin ɓawo. Ga shi kuma an rage ci, kalsiyam ɗin da ke shiga ya ragu. Washegari sai mai gona ya tarar da ƙwai ƙanana, masu ɓawo sirara, wasu ma ba ɓawon sai fata. Abin da yakan fara zuwa masa a rai shi ne cuta ta shigo, sai ya nufi shagon magani. Zan dawo kan wannan. Alhali maganin abin yana wurin magini da mai ɗebo ruwa: a gina ɗaki tsawonsa daga gabas zuwa yamma, gefunansa raga, a shimfiɗa kara ko zana bisa kwano, a sa tankin ruwa a inuwa, a ba da abinci da asuba da kuma bayan la'asar, a rage cunkoso.

Bayan an saka ƙwai, zafin bai ƙyale shi ba. Ɓawo yana da 'yan ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwa da iska ke fita kullum. Kogon iskar da ke faffaɗan kan ƙwan sai ya riƙa girma, farin ruwan mai kauri ya tsinke, fatar da ta riƙe gwaiduwa ta yi rauni. Tun 1937 Raymond Haugh ya fito da ma'aunin da ke gwada tsayin farin ruwan da nauyin ƙwan, kuma a Amurka sai ƙwai ya kai maki 72 ake sa shi a aji na farko. Mai shayi bai san sunan Haugh ba, amma ya san abin da ma'aunin ke faɗi. In ya fasa sabo a kofi, gwaiduwar a dunƙule take faɗawa, farin na riƙe da ita. In tsoho ne, farin ya zube kamar ruwa, gwaiduwar ta fashe tun cokali bai taɓa ta ba. Iyayenmu mata ma suna da nasu gwajin na ƙwan zabi, su dunƙule hannu su ɗaga shi su duba a rana, ko su jefa a ruwa, wanda ya taso a san baragurbi ne. Gwaji ne mai kyau, sai dai iyakarsa ya nuna ƙwan da ya riga ya lalace.

Ƙwan da ya kwana bakwai a shagon kwano a Afrilu ya fi wanda ya yi makonni a firji tsufa. Tarayyar Turai ta sa kwana 28 daga ranar saka a matsayin iyakar ingancin ƙwai, amma wannan lissafin ƙasar sanyi ne, kuskure ne a ɗauko shi a ɗora wa Kurfi. Firji kuwa, a inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, yana iya zama matsala a kan matsala, domin ƙwan da ya yi sanyi aka fito da shi cikin zafi raɓa yake yi, laimar kuma tana taimaka wa ƙwayoyin cuta su ratsa ɓawo. Ga ƙaramin ɗan kasuwa, ɗaki mafi sanyi a gida, nesa da rana, da jera ƙwai tsininsa ƙasa, da sayar da na farko kafin na baya, sun fi firjin da ba shi da tabbas. Shafa wa sabon ƙwai ɗan man girki mai tsabta yana toshe ƙofofin ya ƙara masa kwanaki. Randa cikin randa, wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu kyautar Rolex a 2000, ita ma ta cancanci a gwada ta da ƙwai, da sharaɗin kada jiƙa ta taɓa ɓawon.

Abin da kaza ta ci

Kaza mai saka tana cin giram 110 zuwa 120 a yini, abincin kuma yana buƙatar furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da kalsiyam kusan kashi 4. Abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin kiwo. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masara da waken suya da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo, da yawa suka bar buhun kamfani suka koma haɗi da kansu: masara, dusa, ƙuli-ƙuli, garin ƙashi, laimiston. Haɗin gida ba laifi ba ne in an auna. Haɗarin yana cikin arahar da ake bi, domin masarar da ta fi araha a kasuwa ita ce wadda ta sha laima, ƙuli-ƙuli mafi araha kuma daga gyaɗar da aka tsince aka ware yake fitowa. A cikinsu fumfuna ke haifar da gubar aflatoksin. An gano gubar nan ne bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, sanadiyyar tunkuzar gyaɗa da aka kai daga Brazil. Tana lalata hantar kaza, ta rage saka, ta karya garkuwar jiki har allurar rigakafi ta ƙi kamawa, kaɗan daga cikinta kuma yana iya isa cikin ƙwai. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe da ake watsawa a gona don rage ta tun daga tushe, ya kamata manoman masara da gyaɗa na yankin nan su san da shi. Kazar da aflatoksin ya raunana kullum cikin laulayi take, mai ita kuma kullum yana hanyar shagon magani.

Salmonela, wanki, da mai tsaga

A wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya shafi gonakin kajin ƙwai 523 a sassan Nijeriya, an samu Salmonela a fiye da kashi 40 cikin ɗari na gonakin. Ƙwayar tana zama a kashin kaji, da ƙura, da abinci, ɓeraye da ƙudaje da ƙadangaru su yi ta yawo da ita. Akwai ma nau'in da ke shiga mahaifar kaza, ya kasance cikin ƙwan tun ɓawo bai rufe ba. A babban mutum zawo ne da zazzaɓi na 'yan kwanaki. A jariri mai tamowa, ko tsoho, ko mai juna biyu, tana iya zama ajali.

Abin da ya rufa mana asiri shi ne mu masu dafa ƙwai ne ya dahu. Zafin da ya haura digiri 70 yana kashe ƙwayar. Ɓarakar tana wurare uku. Na farko wanki. Kaza tana saka ƙwai da wani siririn yauƙi da ke bushewa nan take ya toshe ƙofofin ɓawo. Mai gona ya ga kashi a jikin ƙwai, ya san mai saye zai ƙi, sai ya sa tsumma da ruwan bokiti ya goge. Ya cire kariyar, in ruwan ya fi ƙwan sanyi ma, cikin ƙwan zai tsuke ya zuƙo ƙazantar. Amurka tana wanke ƙwai, amma da ruwan ɗumi da sinadari, daga nan kuma ba ya barin sanyi har ya isa tukunya. Tarayyar Turai ta hana wanke ƙwan aji na farko. Mu da ba mu da sanyin, hanyar Turai ce tamu: a tsabtace wurin saka, a kwashi ƙwai sau uku a yini, mai ɗan datti a kankare shi a bushe.

Na biyu ƙwai mai tsaga, wanda ake warewa a sayar da rangwame ga masu shayi da masu kek. Ba na cewa a zubar da shi, wannan magana ce ta wanda bai san tsadar buhun abinci ba. Amma a ci shi a ranar, a kuma dafa shi sosai. Na uku hannu da kwano. Kofin da aka kaɗa ɗanyen ƙwai tun magariba shi ake ta kaɗawa har sha biyun dare, hannun da ya fasa ƙwan shi ke yanka burodin da ba zai ga wuta ba. Sai kuma kiret ɗin kwali da ke zagaye daga gona zuwa shago zuwa wata gonar, da busasshiyar gwaiduwa a jikinsa. Ta irin wannan zirga-zirga ta kaya da mutane da motoci murar tsuntsaye ke tsallakawa, tun ɓullarta ta farko a Nijeriya a gonar Sambawa da ke Jaji, Jihar Kaduna, a Fabrairun 2006, da dawowarta ta Kano da Legas a Janairun 2015.

Ragowar magani

Nan ne zuciyar maganata. Salmonela wuta na kashe ta. Ragowar magani kuwa tafasa ko suya ba su da tabbacin kawar da ita, ba ta da wari, ba ta canza launin gwaiduwa, ba ta sa ƙwai ya taso a ruwa.

Ga yadda abin ke faruwa. Mai gona ya wayi gari kaji uku sun mutu, saura sun yi lakwas, saka ya ragu. Ba ya kai gawar a buɗe a gani. Sai ya je shagon maganin kaji ya ba da labari, yaron shago ya miƙo masa leda biyu ko uku. A ciki akwai oksitetirasaikilin, ko tailosin, ko enrofuloksasin, ko wani haɗi mai magunguna huɗu a leda guda, har da kolistin. Wani ma kafso ja-da-yalo na mutane yake ɓarewa a ruwan kaji. Sau da yawa abin da ke damun kajin zafi ne, ko fumfuna, ko cutar Niyukasil da ke tashi da hunturu, ko Gumboro, waɗanda duk ba ruwansu da waɗannan magunguna. Maganin biyun ƙarshen rigakafi ne, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin alluransu. Wasu kuma ba sa jiran ciwo, duk wata suke bayarwa da sunan kariya, abin da Tarayyar Turai ta fara toshewa tun 2006 da ta hana zuba irin waɗannan magunguna a abinci don ƙara girma.

Gwaiduwa tana ɗaukar kimanin kwana goma tana taruwa a cikin kaza, rufi bisa rufi. Maganin da kaza ta sha yau yana shiga gwaiduwar da za a saka gobe, da wadda za a saka a mako mai zuwa. Shi ya sa kowane magani ke da wa'adin dakatawa, wato kwanakin da ba a cin ƙwan bayan an gama bayarwa. Wasu ma a jikin ledarsu an rubuta kada a ba kazar da ake cin ƙwanta sam. Kuloramfenikol da dangin furazolidon kuwa haramtattu ne ga duk dabbar da za a ci. Binciken da malaman likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da na Vom suka yi a jihohin Kaduna da Filato tun shekarun 2000 ya yi ta nuna abu guda: masu gona da dama sun san da wa'adin, amma kiyaye shi ya yi ƙaranci ƙwarai.

Illar kashi biyu ce. Akwai ta kai tsaye ga mai ci, kamar wanda jikinsa ba ya karɓar dangin salfa ko fenisilin. Babbar kuwa ita ce ƙwayoyin cuta su saba da magani su daina jin sa, a cikin hanjin kaza da hanjin mutum, da kuma a kashin kajin da ake saye a buhu a kai fadamun Zobe a zuba wa latas da tumatir da kabeji. Enrofuloksasin ɗan'uwan sifirofuloksasin ne da ake ba mai taifod, a jikin kaza ma wani kasonsa komawa yake sifirofuloksasin ɗin. Kolistin kuma shi ne abin da likita ke ajiyewa sai komai ya gaza, ga shi a 2015 an gano a Sin wata ƙwayar gado mai suna mcr-1 da ke sa ƙwayoyin cuta su bijire masa, a dabbobi da mutane. Mujallar Lancet ta buga a 2022 cewa bijirewar magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba in an auna da yawan jama'a. Nijeriya ta fitar da tsarin yaƙi da matsalar na 2017 zuwa 2022, amma tsarin da ke Abuja bai san hanyar shagon maganin kaji na Kurfi ba.

To me ya sa mutumin kirki, mai salla, wanda ya san wa'adin, zai sayar da ƙwan? Mu yi lissafi da shi. A ce yana da kaji 500, kashi 80 cikin ɗari na saka, ƙwai 400 ke nan a yini, kiret 13 da 'yan kai. A ce maganin na kwana 5 ne, wa'adinsa kwana 7. Kwana 12 ke nan, ƙwai 4,800, kiret 160. A cikin kwanakin nan kajin za su ci kusan kilo 690, buhu 28 na mai kilo 25, kuma da kuɗin ƙwan yau ake sayen abincin gobe. In ya riƙe ƙwan, masu shagon da ya saba ba su za su koma wurin maƙwabcinsa da bai riƙe ba, wataƙila ba su dawo ba. In ya sayar, ba wanda zai sani. Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Muna neman mutum ya yi asarar jarinsa don amfanin wanda bai san ya yi ba, wanda kuma ba zai ƙara masa ko Naira ɗaya a kan kiret ba. Ina ganin zalunci ne mu tsaya a zauren taro muna kiran irin wannan mutum jahili.

Haka batun feshi yake. Ƙuma ta addabi kaji, a ɗauko fiya-fiya a fesa, ƙwai na nan a wurin saka. A 2017 irin wannan ne, da maganin ƙwari fifuronil, ya sa aka janye miliyoyin ƙwai daga kantunan Holan da Beljiyam da Jamus. An iya janyewar ne don kowane ƙwai yana ɗauke da lambar gonarsa.

Abin da za a iya yi a nan

Sai an yi hattara da yadda ake faɗin wannan magana a rediyo. A Disambar 1988 ƙaramar ministar lafiya ta Birtaniya, Edwina Currie, ta ce yawancin ƙwan ƙasar na ɗauke da Salmonela. Ciniki ya faɗi warwas, aka yanka miliyoyin kaji, ita ma ta rasa kujerarta. Mu ba mu da halin tsorata mutane daga ƙwai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57. Har yau akwai gidajen da ake hana yaro ƙwai wai kada ya tashi da sata. Ƙwai ɗaya na da furotin giram 6 mai inganci, kuma a wani gwaji da aka yi a Ekwado aka buga a 2017, ba jarirai ƙwai ɗaya kullum na wata shida ya rage tsumburewa da kashi 47, ko da yake da aka maimaita a Malawi ba a ga irin wannan tasiri a tsayi ba. Burinmu yaran Dutsin-Ma da Kurfi su ƙara cin ƙwai, kuma ya zama ƙwan da ba za mu ji kunyar ba su ba.

Abin da ya dawo da amincin ƙwai a Birtaniya shi ne tambarin Zaki da masu kiwo da kansu suka farfaɗo da shi a 1998: rigakafin Salmonela ga kaji, da lambar gona da kwanan wata a jikin kowane ƙwai. Ba mu da injin buga wa kowane ƙwai lamba, amma hatimin roba da tawada ba su kai kuɗin kiret ɗaya ba. Masu kiwo na ƙananan hukumomin biyu, ta hannun reshen ƙungiyar masu kiwon kaji ta ƙasa, za su iya yarda a tsakaninsu cewa duk kiret ɗin da ya bar gona a manna masa 'yar takarda mai sunan gona da ranar kwasa. Sharaɗin riƙe hatimin shi ne littafin gona, ko da na makaranta ne mai shafi 60, inda ake rubuta ranar rigakafi, da sunan duk maganin da aka bayar, da ranar farawa da ta gamawa, da sa hannun malamin dabbobin da ya duba.

Hatimi ba zai yi aiki ba sai in yana kawo kuɗi. Nan manyan masu saye suka shigo: wuraren cin abinci na jami'a da kwaleji, makarantun kwana, gidajen burodi, da shirin ciyar da 'yan firamare da aka ƙaddamar a 2016, duk lokacin da yake gudana. In waɗannan suka ce ba sa karɓar kiret marar takarda, suka kuma yarda da ɗan ƙari a kai, mai kiyayewa ya samu dalilin kiyayewa. Daga wannan ƙarin ne za a riƙa cire wani abu a zuba a asusu irin na adashe, wanda zai riƙe wa memba kuɗin abincin kaji a kwanakin wa'adi, sauran membobi kuma su cike wa masu shagonsa ƙwai da sunansa har ya fito. Ƙwan da aka riƙe a kirga shi a gaban shaidu biyu a binne, kada ya fita ta bayan gida zuwa wurin mai kek.

NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024, aikinsu yana kan abin da ke shiga shagunan magani, musamman haɗe-haɗen da ke ɗauke da kolistin da waɗanda aka haramta. Sauran aikin na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ne, da tsangayarta ta aikin gona da sashen nazarin ƙananan halittu. Gwajin ragowar magani na matakin farko ba ya buƙatar manyan na'urori, ɗalibin ajin ƙarshe zai iya yin sa in an ba shi kayan aiki. A riƙa ɗaukar samfuri daga kiret masu hatimi ba tare da sanarwa ba, a ba mai gona sakamakonsa a asirce karon farko, karo na biyu a karɓe hatimin. Sannan a ajiye ƙwai a shagon kwano da ɗakin ƙasa da randa, a bazara da damina da hunturu, a riƙa fasawa ana aunawa da ma'aunin Haugh duk bayan kwana biyu. Adadin kwanakin da ya fito daga wannan awo, na kowane lokaci na shekara, shi za a rubuta a takardar kiret a ƙarƙashin ranar kwasa, da Hausa, da boko da ajami.